Na Kama Ƙahon Bijimi, Amma Na Gudu Daga Kujerar Likitan Haƙori

Assalamu alaikum Edita, da masu karatu baki ɗaya. Ni mahauci ne a birnin Sakkwato, ɗan mahauci kuma jikan mahauci. Lokacin da wannan abu ya same ni na riga na zama magidanci, furfura ta fara leƙowa a gemuna, ina da teburina a kasuwar nama, kuma in faɗi gaskiya ina da suna. Da ƙuruciyata na yi dambe, na yi hawan ƙaho. Akwai tabo a cinyata inda wani bijimi ya soke ni, aka ɗinke wurin ban ce uffan ba. Idan sa ya tsinke igiya a kara mutane suka watse, ni ake ƙwala wa kira. Ba don alfahari na kawo wannan ba, sai don mai karatu ya fahimci irin takaicin da ke taso mini har yau in na tuna cewa haƙori guda ya mai da ni abin dariya, ya kuma kusa kai ni kabari.

Tsoron ya samo asali ne tun ina yaro. Wani matauni ya dame ni, mahaifina ya kai ni wurin wani wanzami mai cire haƙori. Ƙarti biyu suka danne ni a kan tabarma, ɗaya ya riƙe kaina tsakanin gwiwoyinsa, wanzamin ya zura awartaki. Haƙorin ya karye, ya koma ya tono sauran. Zafin na manta da shi, amma dannewar nan ba ta taɓa barina ba. Na girma ina iya jure kowane irin ciwo muddin ina tsaye da ƙafafuna, amma a kwantar da ni rigingine a ce in buɗe baki wani ya sa ƙarfe, wannan kam ko a mafarki na gani sai in farka da gumi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mai ɗakina.

To, sai ga wani matauni na ƙasa ta dama ya yi kogo. Da fari sai na sha ruwan sanyi yake yi mini zogi, ka kuwa san zafin Sakkwato, mutum ba ya rabuwa da ruwan sanyi. Mai ɗakina ta yi ta magana har na gaji da jin bakinta, na shirya na tafi asibiti. Na yanki kati, na zauna a layi lafiya lau, har ina ba wani dattijo haƙuri. Aka kira ni, wata nas ta ɗaura mini koren ƙyalle a wuya, ta ce likita na zuwa. Sai ta taka wani abu, kujerar ta fara kwantawa da ni a hankali, fitila ta haske mini ido, daga ɗakin da ke kusa kuma na ji wani inji yana tsuwwa a bakin wani bawan Allah. Ni da nake kwantar da dabbobi kullum safiya, na san abin da ke biyo bayan irin wannan kwanciya. Ban san sa'ad da na diro ba. Na ce wa nas ɗin zan kama ruwa, na bi ta ƙofa, na tare kabu-kabu, ban tsaya ko'ina ba sai kasuwa. Sai da na ga abokan sana'ata sun ajiye wuƙaƙe suna riƙe ciki don dariya, sannan na duba na ga koren ƙyallen nan yana lilo a ƙirjina. Na ce musu layi ne ya yi yawa, na fasa. Babu wanda ya yarda, kuma har yau akwai mai tambayata ko na mayar wa asibiti kayansu.

Daga nan na faɗa hannun masu ba da shawara, kuma wallahi ban san garin nan cike yake da likitocin haƙori ba sai da nawa ya yi ciwo. Kowa ya zo sayen nama ya ga na dafe kunci sai ya rubuta mini magani da baki. Na cusa kanumfari, na cusa tafarnuwa, na kurkure da ruwan gishiri, na dasa garin taba a kogon har kaina ya yi ta juyawa. Wani mai magani a bakin tasha ya turara mini hayaƙi, ya nuna mini wasu fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce tsutsotsin da ke cin haƙorin ne sun fito. Kafin in isa gida ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wani makanike, mutumin kirki kuwa, ya rantse mini cewa man birki ne ƙarshen zance. Na ɗiga. Da bai yi ba sai ya ce to a gwada ruwan batir, kuma ni, da hankalina da gemuna, na jiƙa auduga na danna. Dasashina ya saluɓe, harshena ya ƙone, haƙorin yana nan daram. Ƙwayoyin kemis kuwa na sha su kamar gyaɗa har cikina ya fara zafi. Duk wannan wahala na zaɓe ta da kaina don kawai kada in koma kan kujerar nan.

Abin ya taɓa sana'ata, don ciniki da baki ake yinsa, ni kuwa magana ta zama mini aiki. Na zama mai faɗa, na kori masu saye da tsawa, a gida kowa na kaffa-kaffa da ni. Ina sayar da nama amma koko da kunu ne abincina. Wata safiya na tashi na ji fuskata ta yi nauyi. Kuncin dama ya kumbura har ya fara rufe ido, kumburin ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi, zazzaɓi ya rufe ni, bakina ko yatsa biyu ba sa shiga, miyau ma da ƙyar nake haɗiyewa. Na fara lalubo takalmi wai zan je wurin mai hayaƙi. Mai ɗakina, wadda ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa.

"Malam," ta ce, "yau ko dai ka bi ni asibiti da ƙafarka, ko in tara maƙwabta su ɗauke ka kamar buhu. Na gaji. Ba za ni zama gwauruwa saboda haƙori ba."

Na bi ta. Likitar da ta duba ni mace ce, ba za ta girmi babbar ɗiyata da yawa ba. Ta taɓa wuyana, ta leƙa iyakar abin da za ta iya gani, fuskarta ta canza. Ta ce mugunya ce ta taru, kuma irin wannan kumburi in ya ci gaba yana iya toshe hanyar numfashi. Ta tambayi abin da ya ƙona mini dasashi, da kuma dalilin da ya sa na zauna har abin ya kai haka. Mai ɗakina ta kwashe komai ta faɗa, har da batir, har da ƙyalle. Na so ƙasa ta tsage in shige. Likitar ta ɗan murmusa ta ce, "Ashe Baba kai ne ka tafi mana da ƙyallenmu." Sannan ta jawo kujera ta zauna daidai da ni, ta tambaye ni a hankali ko wani abu ya taɓa faruwa da ni a wurin cire haƙori. Ban san me ya sa ba, da bakin nan da ba ya buɗuwa, na ba ta labarin wanzami. Mai ɗakina ta yi ta kallona kamar yau ta fara ganina.

An kwantar da ni a asibitin ana ba ni magani ta jijiya har kumburin ya sauka, zazzaɓin ya tafi. Da lokacin cirewa ya matso, likitar ta yi mini bayanin da na so a ce na ji shi tun farko. Ta ce irina suna da yawa, manya da yara, maza da mata, kuma akwai maganin kwantar da hankali da ake ba mai tsoro kafin a fara aiki. Wani shaƙa ake yi, wani ƙwaya ce, wani ta jijiyar hannu, kuma na jijiyar ne ya dace da ni. Ta ce ba irin barcin babbar tiyata ba ne; zan riƙa numfashi da kaina, zan ji in an yi mini magana har in amsa, sai dai fargabar za ta kwanta, jikina ya saki, kuma mai yiwuwa in manta yawancin abin da ya faru. Allurar kashe zafi a dasashi tana nan, ita ce mai hana ciwo, wannan kuwa aikinsa hana tsoro. Ta bincika ko ina da hawan jini ko ciwon zuciya ko wani magani da nake sha, ta ce in zo ban ci komai ba, in zo da wanda zai mai da ni gida, kuma ranar kada in hau babur, kada in taɓa wuƙa.

Na koma gida da ɗan ƙwarin gwiwa, sai ga wana ya zo dubiya. Shi mutum ne da bai taɓa rasa labarin wani da ya mutu ta kowace hanya ba. Ya ce ya ji wanda aka yi wa irin wannan allura bai farka ba. Ya ce wanda ya farka ma sai da ya tona duk asirin cikinsa a gaban iyalinsa. Ya ƙara da cewa abin da ke gusar da hankali ai maye ne, in je in yi tunanin lahirata. Mutumin da bai ce komai ba lokacin da nake ɗiga man birki a baki, yau shi ne mai kula da lafiyata da addinina! Duk da haka maganarsa ta shige ni, har na fara tunanin sake guduwa. Bayan sallar La'asar na tsayar da limamin masallacinmu na tambaye shi. Ya ce magani da likita ya bayar don lalura daban yake da abin da mutum ya sha don nishaɗi, in je a yi mini aiki. Sai ya dube ni ya ce, da zan zuba ruwan batir a bakin da Allah ya ba ni amana, wane malami na tambaya?

Ranar aikin na tafi da mai ɗakina, wana ma ya biyo mu, ina jin don ya ga cikar maganarsa. Da na hango kujerar sai na ja na tsaya a bakin ƙofa. Likitar ta ce ba za a kwantar da kujerar ba sai na ce a kwantar, kuma babu mai riƙe ni; in ina son a dakata in ɗaga hannu kawai. Aka maƙala mini wani abu a yatsa mai lura da numfashi da bugun zuciya, aka ɗaura na awon jini a damtse, aka sa ƙaramar allura a bayan hannuna. Ina cikin karanta addu'a sai na ji wani sanyi yana bin jikina, kafaɗuna da suka daɗe a ɗaure suka sauka. Fitilar tana nan, ƙarafan suna nan, ina jin ƙararsu, amma kamar a gidan maƙwabta ake yi, babu ruwana. Na tuna an ce in ƙara buɗe baki na buɗe. Na tuna wani ɗan turi a muƙamuƙi. Daga nan sai na ji kaina ina tambaya yaushe za a fara, nas ɗin ta ce Baba ai an gama, ciji wannan audugar.

Asiri kuwa, ɗaya ne ya fita. An ce a cikin keke napep, a hanyar gida, na kama hannun mai ɗakina a gaban wana da direba, ina faɗa da baki cike da auduga cewa duk Sakkwato babu mace irinta, kuma ban taɓa gode mata yadda ya kamata ba. Wana ya ce, "Ka gani ko? Mi nac ce maka?" Ita kuwa har yau takan ce da ana sayar da maganin nan a kemis da ta ajiye kwalba guda a ɗaki.

Haƙora biyu aka cire, don na kusa da shi ma ya lalace. Da na koma a duba wurin, likitar ta gaya mini abin da ya fi cirewar ciwo. Ta ce ranar da na fara zuwa, da alama ciko kawai haƙorin yake buƙata, kuma da na ce wa nas ɗin tsoro nake ji, da tun a lokacin an zauna da ni an nemo mini wannan hanya. Wato duk watannin da na yi ina azabtar da kaina da iyalina, duk ƙunar baki da kwanciyar asibiti, kalma uku ce na kasa furtawa. Na zaɓi in sha guba a kan a ce wane yana jin tsoro, kuma ƙarshenta an faɗa ɗin, an ma ƙara da dariya.

Ba na cewa kowa sai an yi masa wannan allura. Likita ce ta duba ni ta ga ta dace da ni, ba kowane asibiti ke yinta ba, kuma ba abu ba ne da za a nema a kemis ko a hannun mai allurar unguwa. Abin da nake roƙon masu karatu, musamman maza irina da aka saba ce musu jarumai, shi ne kada ku bari kumburi ya kai ku inda ƙaramin ciwo ya kasa kai ku. Ku bar man mota a cikin mota. Ku daina sauraron wanda bai taɓa zama a kujerar ba amma ya san duk wanda ya mutu a kanta. Idan kuma Allah ya kai ka gaban likita zuciyarka na dukan uku-uku, to kafin ka buɗe baki a duba haƙori, buɗe shi ka ce tsoro kake ji. Suna da maganin wannan ma.