Mutumin da Ya Dawo da Littafin Cokali

A kantin littattafai, mutumin da ke gabanta yana riƙe da littafin yara mai hotuna da yatsu biyu, kamar mataccen ɓera. Da gani manaja ne, riga ta sha guga, ga ɗigon miya a kafaɗa.

"Canza min, ya lalata min yaro," yake gaya wa mai kanti. "Ba ya buɗe baki sai cokali ya zama jirgin sama, ni da girmana ina ƙarar inji."

"Yana cinyewa dai, yallaɓai?"

"Tas, sau uku a rana."

Lallai bawan Allah yana cikin jarrabawa, ta ce a ranta. Ita shekara biyu da rasuwar ɗanta, kuma har yau ta iya ƙarar injin.