Wutar da Kaka Ta Bari a Ƙofar Gida

Ranar Alhamis ce, kamar rabin awa bayan sallar magariba, a farkon shekarun mulkin soja. Muna tsakar gidanmu a unguwar Umbadda, can gabas nesa da ƙasar Hausa. Akwai Kaka Asabe, mahaifiyar babana. Akwai 'yarta Goggo Zainabu, tana soya kofi a murhun gawayi. Sai ni, mai shekara tara, da ƙannena biyu maza. An ɗauke lantarki tun azahar, kuma wannan ne dalilin zamanmu. In akwai wuta, muna gidan maƙwabci gaban talabijin, muna kallon wasan kwaikwayon Masar. In babu, mu na Kaka ne.

Ta san haka sarai. "Mazajena na ranar duhu," take ce mana. Ni kuwa nakan sha tsiya ta musamman: "Ango, yau ma akwatin ya kore ka?"

Kaka ta yi ƙuruciyarta tana tsintar auduga a gonakin Jazira. Hausarta ita ce wadda iyayenta suka taho da ita a ƙasa daga ƙasar Hausa, can yamma, mu kuwa rabin maganarmu Larabci ne. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ku ba ni kunne, ku ajiye ƙafa," mu amsa, "Mun ajiye." Ƙa'idarta guda ce: wanda ya tashi a tsakiyar labari ya tafi da rabonsa, ba ta maimaitawa.

A ranar ta ba mu labarin Lami. Ruwan sama ya kashe wutar ƙauyensu kaf, ga uwarta kwance tana bukatar kunu mai zafi. Aka aiki Lami hayin kogi ta ɗebo garwashi a kasko. Wata tsohuwa a can ta ba ta, ta ce, "Wannan ba ya son komai sai numfashinki. Duk taku goma, ki hura." Lami ta kamo hanya. Ta tarar da makaɗa, ta ɗan tsaya. Ta tarar da mata biyu suna cacar baki a rijiya, ta tsaya ta ji wa ke da gaskiya. Ta tarar da mai wasa da biri.

"Ba fa zama ta yi ba," in ji Kaka, tana juya gawayi da tsinke. "Tsayuwa ce kaɗan-kaɗan. Ai ba wanda ke tashi da safe ya ce yau zan ɓata yini."

Da Lami ta iso ƙofar gida ta duba kaskon, sai toka fari fat.

Daidai nan ƙwan fitilar zaure ya kama, unguwa ta ɗauki ihun yara: "Kahraba ta zo!" Wato lantarki ya dawo. Ƙannena suka fice a guje. Ni na tsaya kamar daƙiƙa biyar, kuma na daɗe ina yaba wa kaina a kan biyar ɗin nan. Sannan na bi su. Na ji Kaka a bayana tana cewa, "Ango, ka bar Lami a ƙofar gida." Washegari na roƙe ta, ta ce, "Ƙafarka ta riga ta zaɓa." Ta ba mu wasu labaran da yawa bayan nan, amma ba ta koma kan wannan ba har ta rasu.

Na girma na koyi aikin rediyo a sashen Hausa. A danginmu ni kaɗai na iya rubuta Hausa. Sauran a baki take, a bakin ma tana raguwa. Saboda haka duk taron suna ko ta'aziyya sai wani ya ce in rubuta tatsuniyoyin Kaka kafin su bi ta. Na sayi littafin rubutu mai kauri a Kasuwar Libiya ta nan garinmu. Shekara huɗu, shafi biyu na cika. Nakan zauna bayan la'asar da alƙalami, waya a gefe. Sai ɗan'uwa ya turo hoto daga Jidda, sai muhawara ta ɓarke a zauren dangi na waya, sai jita-jitar burodi da man fetur. In ɗago kai, an kira magariba. Na gaya wa kaina cewa ƙarshen labarin Lami ne ya tsayar da ni.

Mutum ɗaya ya rage da ya ji ƙarshen, wato Goggo Zainabu, wadda ke zaune a unguwar Hajj Yusuf. Da aka ce mini jikinta ya yi nauyi, na hau mota na ƙarasa da raksha, keke mai ƙafa uku, wata Juma'a da yamma. Na ajiye wayata a bakin gadonta don in naɗi muryarta. Kafin ta gama gyara zama wayar ta yi ƙara sau uku, ni kuma na duba sau uku.

"Ɗana," ta ce, "ashe akwatin maƙwabcin naku ka sako a aljihu. Miƙo shi."

Ta jefa wayar cikin gwangwanin kofi, ta danne murfi, ta tura ƙarƙashin gado.

"Ba zan ba ƙarfe labarin uwata ba. Ka ba ni kunne, ka ajiye ƙafa."

"Na ajiye, Goggo."

"Haka ka ce wancan karon."

Ga ƙarshen. Lami ta shiga ɗaki tana kuka. Uwar ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi kaskon, ta tona tokar da tsinke, sai ga ja ɗan mitsitsi a ƙasa, bai fi ƙwayar gero ba. Ta ce, "Rufe ƙofa. Zauna. Hura." Makaɗan nan suka shigo ƙauyen, suka bi ta bayan ɗakin da kiɗansu. Lami ta ji su, ba ta tashi ba. Ta yi ta hurawa, idanunta na hawaye, har ciyawar da suka ɗora a kai ta kama. A gidansu duk ƙauyen ya ɗebi wuta.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan. Shekara ashirin da ɗoriya kana jiran abin da bai kai shan kofi ɗaya ba."

Duk tsawon lokacin na ɗauka hukunci ke jiran Lami, wataƙila don ni ma shi nake jira. Ban taɓa kawo wa raina cewa Kaka ta bar abu mai rai a ƙarƙashin tokar ba. Abin da na tuna na muryarta ma haka yake: bai mutu ba, ƙanƙane ne kawai, kuma ba ya kamawa a ɗakin da ƙofarsa ke buɗe ga kowane mai wucewa.

Na koma Umbadda ba tare da wayar ba. Wurin aiki suka riƙa nemana ta wayar matata. Bayan kwana tara na dawo da tatsuniya bakwai a rubuce, na karanta wa Goggo, ta gyara mini biyu, sannan ta sa na jawo gwangwanin. Ta rasu kafin azumin shekarar. Littafin ya cika da tatsuniya goma sha tara, ta Lami ce a shafin farko.