Ranar da na cire wa motata manyan takalma

Shekarun baya kaɗan, lokacin da kasuwancin albasa ya fara yi mini dariya a Yelwa, na sayi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Tsohuwa ce, amma ni a idona ba ta da ta biyu. Na kai ta aka ƙara mata sifirin ta ɗaga sama, na kuma sa mata tayoyin nan masu faɗi irin waɗanda nake gani a waya. Kai, jama'a! In na shigo kasuwa sai na rage gudu da gangan don a samu damar kallo.

Mutum biyu ne kawai motar ba ta burge ba. Na farko Baba mai faci, tsohon da ya ɗaura mini tayoyin. Yana ɗaure noti yana girgiza kai, ya ce, "Ɗana, wanga taya na kwalta ne da yashi. Fadama ba ta son mai faɗin ƙafa." Na yi dariya a raina, na ce tsufa ne. Ta biyu Inna, mahaifiyata. Ta zagaya motar sau ɗaya ta ce, "To wa zai sa mini tsani in hau raƙumin nan?" Ba ta taɓa yarda ta shiga ba.

Inna tana da gonar shinkafa a bakin tafki, can bayan Wara, wadda mahaifina ya bari. Tun rasuwarsa ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba, kuma irin da take shukawa nasa ne, kowace shekara tana ware shi daga girbi. A shekarar nan ruwan tafkin ya taso da wuri. Wata rana da safe ta kira ni. An yanke, an sussuke, an ɗure buhu ashirin da wani abu a kan ɗan tudun gonar, ruwa kuma yana matsowa. Kowa da amalanken shanunsa yana kwasar tasa, ba mai ba da aro. Kwale-kwale kuma ba ya iya ratsa ciyawar ya iso. Ta ce, "In an kwana biyu, shi ke nan, har da irin."

Wallahi daɗi na ji. Allah ya yafe mini, amma daɗi na ji, don ga ranar da raƙumina zai nuna kansa. Na ce, "Inna, kafin azahar shinkafarki na gida."

Ko rabin fadamar ban ci ba. Ina barin tudu na shiga taɓo, bayan motar ya fara rawa. Na sa giyar ƙafa huɗu, na taka wuta, tayoyin suka cika da laka suka koma sumul kamar gindin tukunya. Ba nitsewa na yi ba, zamewa na yi ta yi har na tsinci kaina a karkace cikin gonar wani. Shanu biyu ne suka jawo ni, mutane na kallo, wani yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji." Inna tana tsaye can nesa da hannu a ƙugu.

Na koma Yelwa da laka har wuya. Baba mai faci ya dube ni, ya dubi motar, bai ce na gaya maka ba. Sai ya ce, "Da ka shiga, ka ga layi biyu da amalanke ke bi?"

Na ce na gani, ramuka ne cike da ruwa, su ma nake ta kauce wa.

Ya ce, "Awo, nan ka ɓata. Ramukan nan su ne hanyar. Duk rani masu gonakin suna gayya, su zuba dutse da marmara a cikinsu, faɗin ƙafar amalanke kawai, don ba su da ƙarfin cike hanya duka. Ƙarƙashin ruwan nan ƙasa ce mai tauri. Tayanka ya yi faɗi, ba ya shiga, sai ya hau baki ya zauna kan santsi." Ya ƙara da cewa yawancin amalanken nan da gatarin tsofaffin motoci, wato ƙarfen da ke haɗa taya da taya, aka ƙera su, don haka tazarar ƙafafunsu kusan ɗaya ce da tawa.

Ya shiga cikin rumfa ya gangaro da wasu tayoyi dogaye, sirara, masu manyan haƙora, a kan wili na ƙarfe duk tsatsa. Da aka ɗaura su na ja baya na duba, na kusa kuka. Motata ta koma kamar zalɓe, dogayen ƙafafu ba nama. Na ce, "Baba, haka zan bi cikin gari?" Ya ce, "Gari za ka ɗauko, ko shinkafa?"

Washegari da hantsi na isa bakin fadamar. Ruwan ya riga ya lashi gindin tudun. Na daidaita ƙafafun motar da ramukan nan biyu, na yi bismilla, na saki a hankali. Sai na ji ta nutsa, sannan na ji ƙurus-ƙurus a ƙarƙashina. Dutse! Tayoyin sun yanka taɓon sun kama dutse! Motar ta miƙe tana tafiya kamar an ɗora ta a kan dogo, ko sitiyari ba na juyawa sosai. Tudun lakar da ke tsakiya, wanda da ƙaramar mota ce da ya kama cikinta, ya wuce ta ƙarƙashina salin alin. Ashe tsayin yana da amfani, faɗin ne banza. Na fara ihu ni kaɗai a mota, ina dukan sitiyari, ina danna oda. Mutumin jiya da ya ce mini sannu da ƙoƙari, shi ne ya fara ɗaga hula sama.

Sawu uku na yi na kwashe ta Inna. Na yi wasu huɗu na maƙwabta, don a lokacin ko an ce in tsaya ba zan iya ba, daɗi ya yi mini yawa.

A sawun ƙarshe saura ƙwarya ɗaya, rufe da faifai, wadda Inna ta hana a ɗora a baya. Irin ne. Ta tsaya bakin ƙofar motar ta ce, "Kai, kawo buhu in taka." Ta hau, ta zauna gaba, ƙwaryar a cinya. Muna tsakiyar fadama, dutse na ƙara a ƙarƙashinmu, ta saurara ta ce, "Kana jin wanga? Babanka na cikin waɗanda suka fara zuba shi. Rani uku suna ɗauka a ka." Na rage gudu kawai, don in daɗe ina ji.

Har yau siraran tayoyin nan ne a motar. Abokaina sun yi tsiya sun gaji, masu faɗin kuma suna bayan gida, kaji na ƙwai a ciki. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na je gonarmu da kayan da na gani a waya, ban taɓa tambayar yadda mutanen wurin suke shiga ba, alhali hanyar mahaifina ce ke kwance a gabana ina kauce mata. Yanzu duk rani, in an kira gayya, ba wanda ke ɗaukar dutse a ka. Ni ke kawowa da zalɓena, in juye a bakin ramukan, Inna na zaune gaba tana nuna mini inda ya zaizaye.