Takalman Jikan 'Yardada

Duk wanda ya saba bi ta layin 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai da hantsi ya san 'Yardada, in bai san sunanta ba ya san bakinta. Ita ce tsohuwar nan mai fura da nono a gindin katangar masallaci, wadda in ka ce ta ƙara maka sukari za ta tambaye ka ko gonar rake ubanka ya bar mata. A ruga aka haife ta, aure ya kawo ta cikin birni tun da ƙuruciya. Shanun gidansu sun daɗe da ƙarewa, Fulatancin ma ya bi su, ba ya dawowa sai ranta ya ɓaci. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu: Halima, da ke aure a wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina, sai autanta Kabiru mai sayar da wandunan gwanjo, wanda har yau a ɗakin zaure yake kwana.

Halima ta haifi ɗa namiji aka sa masa Fa'izu. Yaro tubarkalla, sai dai ƙafafunsa sun zo a murɗe, tafin kowace na kallon 'yar'uwarta. An kai wa mai ɗori, ya murza, yaro ya yi kukansa, ƙafa tana nan yadda take. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Daga ƙarshe ubansa Jafaru, wanda 'yan awaki ne iyakar dukiyarsa, ya ce haka Allah ya yi shi, aka rufe maganar. Tsaransa suka miƙe suna tafiya, shi yana jan gindi.

'Yan mishan na da ɗan asibiti a wani gari kusa da su, ranar kasuwa sukan shigo da mota su duba yara. Wata ma'aikaciyar jinya cikinsu, Sista Rifkatu, ta hango ƙafafun suna reto a bayan Halima. Ta ce ai wannan ana gyarawa, kuma ba sai an sayar da akuya ba. Jafaru ya yi ta jan ƙafa, sai da limaminsu ya ce masa neman magani ba laifi ba ne sannan ya yarda. Aka riƙa sa wa yaro farin ɗaurin nan mai tauri da ake ce wa siminti, ana fasawa ana sakewa, aka ɗan yi masa aiki a dunduniya. Ƙafafu suka miƙe.

Da labari ya iso birni 'Yardada ta ɗaura ɗamarar faɗa. Ta gama sa wa ranta za a dawo mata da jika yana waƙar coci, an mai da shi Bitrus. Ranar da Halima ta kawo shi yaye, don ta sami wani cikin, tsohuwa ta juya shi gaba da baya, ta leƙa wuyansa. Ba ta ga komai ba sai layar da ita da kanta ta aika. Kalmominsa a duniya kuwa "mama" ne da "ruwa".

Abin da zai dame ta yana cikin buhun kayansa. Halima ta zaro wasu 'yan takalma na fata masu maɗauri, an haɗe su da sandar ƙarfe a tsakani.

"Inna, duk sanda zai yi barci sai an sa masa. Sista ta ce in aka bari, ƙafar komawa za ta yi."

'Yardada ta kalli abin ba ta taɓa ba. "Wannan ai mari ne."

"Takalmi ne, Inna."

"Ni za ki nuna wa mari?"

Halima ta san inda maganar ta dosa. Lokacin da Kabiru yake ganiyar samartaka ya faɗa shan maganin tari, marigayi ubansu ya kai shi gidan da ake tsare kangararrun yara, aka buga masa ƙarfe a ƙafa. 'Yardada ce mai kai masa abinci. Tun daga zaure take jin ƙarar ƙarfen in yana tahowa, ta ga yadda ya ci masa idon sawu har ya yi ruwa. Kabiru ya shiryu tuni, amma tabon na nan, shi ya sa ko zafi ya kai ina ba ya rabuwa da safa.

Halima ta koma ƙauye. Da magariba 'Yardada ta gwada, tsakani da Allah ta gwada. Ta sa ƙafar dama, ta sa ta hagu, ta ja maɗauri. Yaro ga kewar nono ga takalmi, ya ɗaga ƙafafu biyu ya maka sandar a jikin gadon ƙarfenta. Da jin wannan ƙarar ta kwance su, ta jefa cikin babbar fanteka ta rufe. Kashegari maƙwabciyarta Hadiza ta leƙo, wai ta ji an ce mishan sun sa wa jikanta mari. 'Yardada ta ce ta shigo ta duba, in ta ga mari ta tafi da shi gida ta sa wa mijinta.

Yaro ya ji daɗin zama. Ya sha fura ya yi kumatu, ya fara bin bango, ya saki bango. Tana goya shi zuwa kasuwa, tana gaya wa masu saye ga maigidanta nan, ci kawai ya iya, cefane ko oho. In Halima ta kira wayar Kabiru ta tambayi takalma, sai tsohuwa ta ce suna nan lafiya lau. Kuma lafiyarsu ƙalau, ko ƙura ba ta taɓa su.

Ranar komawa asibiti ta zo damina ta tsare hanya, Halima kuma ciki ya tsufa. Dole 'Yardada da Kabiru suka kai shi. Sista Rifkatu ta gaishe ta har da rusunawa, ta ajiye yaron a ƙasa ta ce ya taho. Ya taho, yana taka gefen ƙafar hagu. Ta karɓi takalman ta jujjuya.

"Mama, takalman nan ko kayan lefe ba su fi su sabunta ba."

"Ina da tsafta ne."

"Na gani. Ko hudar maɗaurin ba ta buɗe ba." Ta kama ƙafar yaron ta nuna mata. "Ta hagu ta fara komawa. Yau za mu iya sake sa siminti. In ta kuma komawa yana ƙara girma, sai babban aiki, mu kuwa ba mu da mai yin sa a nan."

'Yardada ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta lura da takun tun a gida, ta ce wa kanta tafiyar koyo ce. Ta juya wajen ɗanta.

"Kabiru, cire safarka."

"Haba Inna, a gaban mutane? Safar ma a huje take."

"Cire na ce."

Ya cire. Sista ta dubi zoben tabon da ya zagaye idon sawunsa. Can ta ce, "Ƙarfen nan ba zan iya sauya shi ba, Mama, shi ne maganin. Amma ba dole hannunki ne zai ɗaura ba."

Kabiru ya ɗauki takalman, ya ɓalle maɗauri ya mayar, ya sake ɓallewa. "Inna, nawa marin maƙeri ne ya buga da guduma, shi kuma aka kira ya cire. Wannan ko agogona ya fi shi wuyar kwancewa."

"Kai me ka sani?"

"A wannan fannin dai ni ne babban malami."

Ta zage shi da Fulatanci. Sista ba ta ji ba, amma ta yi dariya.

Bayan an fasa simintin suka raba aiki. Kabiru ke ɗaurawa. Ya daina zaman majalisa bayan magariba, ranar da ake ƙwallo ma sai ya sa wa yaro takalmi sannan ya tafi gidan kallo, abokansa suna ce masa mai jego. Ya naɗe sandar da tsohon wandon da ya ƙi sayuwa don ta daina ƙara. In ya shigo, 'Yardada kan tuna tana da aron gishiri a gidan Hadiza, ba ta dawowa sai kuka ya lafa. Hadiza ta ce gishirin da aka ara a wajenta ya isa a jiƙa wa garken shanu. Kwancewa da safe kuwa aikin tsohuwa ne, ba ta bar wa kowa. Yaye ya zama zama, don Halima da ta zo da jaririya ta ga yadda ake yi, ta ce a bar shi sai ya gama da takalman. Aka yi ta sauya masa manya yana girma, har Sista ta ce ya isa.

Yanzu Fa'izu yana Islamiyya a unguwar, da ƙafarsa yake zuwa, da gudu yake dawowa. Ta dama ta miƙe sak. Ta hagu in ya gaji takan ɗan leƙa ciki, Sista ta ce ta yiwu haka za ta zauna. In wani mai sayen fura ya lura ya tambaya, 'Yardada takan ce tafiyar kakansa ya gado, ta ci gaba da damunta. Tsofaffin layin duk sun san marigayin, tafiyarsa kamar ta soja take, amma ba wanda ya taɓa gyara mata.