Ranar Da Jatau Ya Wuce Ƙwaryar Shatu

Duk wanda ya saba bin hanyar rairayi daga Korgom zuwa Tasawa ya san Jatau, ko dai ya hau abin hawansa ko ya taya shi turi. Da amalanken jaki ya fara, yana kai mata kasuwa. Jaki ya tsufa, ya koma kabu-kabu da moto, wato babur. Da moto ta ragargaje, sai ya tayar da wata tsohuwar a-kori-kura da ba ta tashi sai an lallashe ta. Har hayar kekuna ya taɓa gwadawa a Mayahi, ƙaya ta cinye tayoyin kafin kaka. Gaskiya bawan Allahn nan bai iya neman riba ba, kuma bai iya zama wuri ɗaya ba. Matarsa Ladi takan ce ita tasha ta aura.

A ƙauyukan nan, tsofaffi ba sa tsayawa cikin rana suna ɗaga wa mota hannu. Mutum ya ajiye kayansa a bakin hanya, ya koma inuwa ya zauna, direba ya ga kaya ya tsaya. Jatau bai taɓa wuce kayan kowa ba. Ko mota ta cika maƙil, sai ya tsaya ya ba da haƙuri.

Bara ne yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, har Ladi. Hanyar ya haddace ta, kowane rami ya san shi. Tsoro yake a ce ya ajiye tuƙi, don bai san me zai zama ba idan ba ya kai mutane inda za su.

Wata ranar kasuwa, Shatu mai daddawa, tsohuwar da take hawa wurinsa tun zamanin jaki, ta ajiye ƙwaryarta inda ta saba. Jatau ya zo ya wuce abinsa.

Bayan la'asar sai ga ta a gidansa. Ladi na gefe tana tankaɗe.

"Jatau, mi na yi maka?" in ji Shatu. "In laihi na yi, ka hwaɗa mini. Na tsuhwa, ba ni son in mutu muna gaba."

Da ya so, sai ya ce birki ne ya ƙi. Amma muryar tsohuwar rawa take, tausayinta ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi.

"Inna, ban ga ƙwaryar ba. Ko yanzu, da murya na gane ki."

Shatu ta yi salati, ta daɗe tana yi masa addu'a, sannan ta tafi.

Bayan fitarta Jatau ya ce, "Ladi, kin ji."

"Tun bara na sani, Malam. Kana tsammani buta da ƙahwarta take zuwa inda hannunka zai sabka? Kullum ka hita, ba ni iya cin abinci sai na ji ƙarar motar ta dawo. Jira nike ka hwaɗi da bakinka."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya laluba aljihu ya ciro makullin motar ya miƙa mata, sai dai ya miƙa can gefe, inda ba kowa. Ladi ta matsa ta tara hannunta daidai wurin.