Torkild, Ka Tafi da Sunan Ingolf

Torkild Brandstrup ya rasu da safiyar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, a wani asibiti a Kopenhagen. An ce ni, Birthe, in rubuta wani abu, tunda na fi kowa daɗewa a ƙarƙashinsa. To, Torkild, ga shi, kuma ba zan yi maka kwalliya ba.

Gwani ne kai, ko maƙiyinka ba ya musu. Baƙin man da jiragen ruwa ke sha guggubin matatar mai ne, mai kauri kamar kwalta, sai an dafa shi kafin ya yarda ya bi bututu. Kai ka koya wa kwamfuta ta nuna yadda yake tarwatsewa ya kama wuta a cikin inji, tun ba a ƙera injin ba. Kai ka koya mini aikin. Ranar da mahaifiyata ta rasu, kai ka tuƙa ni har garinmu cikin ƙanƙara. Ban manta ba.

Ban kuma manta da abokin aikinmu Ingolf ba.

Al'adarmu ce wanda ya yi kuskure ya kawo wa ofis kek, a ci, a yi masa tsiya, magana ta wuce. Kai ka mai da ita wuƙa. Wani inji da muka yi wa lissafi ya toshe da baƙin hayaƙi, jirgi ya tsaya cak a tsakiyar teku da mutane a ciki. Aka bincika, aka ga an taɓa lambar girman ɗigon mai don wutar ta fito tsaf a kwamfuta. Daga kwamfutar Ingolf aka taɓa ta. Ya rantse ba shi ba ne. Ka dafa kafaɗarsa kana murmushi.

"Haba Ingolf, wa ke maganar kora? Kawo kek kawai, mutumina, a wuce wurin."

Bawan Allah ya yarda, ya kawo, har da kirim. Ka yanka, ka kira manyan kamfani, ka ce, "Ku zo ku ci, mai laifi ya amsa laifinsa." Ka san sarai a wurinmu wanda ya kawo kek ya amsa ke nan. Wata bai ƙare ba aka sallame shi. Sana'armu ƙarama ce, kowa ya san kowa, daga Hamburg har Bergen ba wanda ya sake buɗe masa ƙofa. Mutum mai digirin digirgir, yau kaya yake jerawa a kanti. Abu ɗaya ya zauna jira shekara da shekaru: ka buɗe baki ka wanke shi.

Da ciwo ya ci ƙarfinka na je duba ka. Mu biyu ne a ɗakin. Na ce, "Torkild, tsakaninka da Allah, kai ka taɓa lambar nan?"

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. "Sai yau kika gane? Ashe na yi asarar koyarwa."

"To ka faɗa a gaban mutane."

"Kawo su," ka ce.

Washegari na zo da mutum biyu daga ofis. Ka yi musu hirar kamun kifi. Da na tayar da maganar, ka dube su da tausayi ka ce, "Birthe ta tsufa, tana jin abin da ba a faɗa ba. Ku ba ta hutu." Kaico! Kana kan gadon mutuwa, amma muguntar ba ta yi ko zazzaɓi ba.

A coci Ingolf ya zauna can baya, ya yi kuka har kafaɗunsa na rawa. Matarka Gudrun ta riƙe hannunsa, ta ce ba ta san yana ƙaunarka haka ba.

Allah Ya jiƙanka, Torkild, don ban san wanda ya fi ka bukatar jinƙai ba. Allah Ya ba Gudrun da 'ya'yanku, Asger da Solvej, haƙuri. Su ba su yi wa kowa komai ba. Sai dai babbar ta'aziyyata ta Ingolf ce. Duk cikinmu shi ya fi yin rashi.