Yadda Gwaggo Khairu Ta Karɓo Najiba

Khairunnisa Mijinyawa, wadda kowa ke kira Khairu, shekararta tara tana ɗibar jini a wani ƙaramin asibiti a unguwar Al Buteen, can ƙasar Larabawa. 'Yar Fagge ce. Aurenta ya mutu tun a Kano, ba ta haihu ba. Ɗaki ɗaya take haya a Al Nahda, a fulat ɗin da take rabawa da wasu 'yan Filifin uku. An san ta da iya samo jijiya a hannun jariri, da kuma rashin ɓoye abin da ke ranta.

Wata Talata aka kira ta daga makarantar Najiba, 'yar ƙaninta Nasir mai harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa gida. Yarinyar shekararta bakwai, uwarta ta rasu. Malamar aji ce ta ga shatin wayar caja a bayanta, sabo a kan tsoho. Kafin Khairu ta samu tasi ta isa, jami'an kula da yara sun wuce da ita gidan da suke ajiye yara.

Washegari ta je ofishinsu. "Ni ce gwaggonta," in ji ta. "Uwa ɗaya uba ɗaya muke da ubanta. Ku ba ni ita."

Jami'ar, wata Balarabiya mai sanyin murya, ta ce, "Shwayya shwayya," wato a bi a hankali. "Ku nawa ne a gidanki?"

Da ta ji amsar, sai ta ce yarinya ba za ta zauna cikin baƙi ba, in kuwa ba a samu dangin da suka dace ba, wani iyali za a nema mata. Khairu ta kama fulat ɗinta ita kaɗai a International City, bas biyu tsakaninta da wurin aiki. Sai aka ce ta kawo shaidar dangantaka. A fasfonta Mijinyawa a haɗe yake, a na Nasir an raba shi biyu. Wannan 'yar tazarar ta ci mata sati shida, tsakanin takardar rantsuwa daga Kano, fassara zuwa Larabci da neman hatimi.

Ranar Asabar ake ba ta rabin awa ta ga Najiba. Ana kula da yarinyar, amma babu wanda ya iya kitso a gidan, gashinta duk ya cukurkuɗe. Khairu ta riƙa zuwa da mataji da kibiya. Sau biyu lokaci yana ƙarewa da rabin kai a tsefe.

Daga Kano kuma Hajiya, mahaifiyarsu, ba ta bar ta ta huta ba. "Ki je ki ce musu faɗuwa ta yi. So kike a ɗaure ɗan'uwanki a ƙasar mutane?"

"Hajiya, da idona na ga bayan yarinyar nan."

"Ke me kika sani game da tarbiyya? Kin taɓa haihuwa ne?"

Khairu ta kashe wayar, ta shiga banɗakin asibiti ta wanke fuska, ta koma kan aiki.

A zama na ƙarshe jami'ar ta tambaye ta, "In ubanta ya ƙwanƙwasa miki ƙofa, za ki iya hana shi shiga?"

Tambayar ta ƙona mata rai, don ta san jami'ar tana da gaskiya. Ita ta goyi Nasir yana jariri.

"Zan iya," ta ce.

Bayan wata huɗu aka ba ta Najiba. Nasir, wanda maganarsa ke gaban kotu, ya zo sau ɗaya, ya tsaya a waje yana cewa, "Yaya, buɗe mana, gaisawa kawai za mu yi." Ba ta buɗe ba. Tun ranar Hajiya ba ta ƙara ɗaukar wayarta ba.

Najiba ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Sai dai har yau ba ta buɗe firij sai ta zo ta tsaya a gefe ta ce, "Gwaggo, in sha ruwa?" Khairu ta gaji da ce mata gidansu ne. Yanzu tashi kawai take yi ta miƙo mata kofi.